Fitowar soyayyar da ba a mantawa: amsa ga wata ma'abuciyar kallo

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mai son kallon fina-finai ce tun ina ƙarama, na Hausa da na Indiya da na Turawa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, akwai wuraren soyayya da na kalla sama da shekara goma amma har yau ina tuna su kamar jiya, alhali akwai fina-finan da daga farko har ƙarshe kalaman soyayya ne, kafin gari ya waye na manta da su. Tunda haɗa hoton fim ne sana'arka, waɗanne wurare ka fi so, kuma mene ne sirrinsu? Shin hana taɓa juna da ake yi a fina-finanmu ne ya sa namu ba sa kai na waje?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salamu, Malama. Idan na fahimce ki daidai, abu uku kike nema: wuraren da suka fi zauna mini a rai, dalilin da ya sa wasu ke daɗewa a zuciya wasu kuma su bi iska, sannan ko ƙa'idar nan ta hana namiji da mace taɓa juna a gaban kyamara ita ce ta rage wa fina-finan Hausa armashi. Zan amsa ne daga kujerar mai haɗa hoto, wato mutumin da ake kawo wa duk abin da aka ɗauko daga lokeshan, ya zauna a gaban kwamfuta yana yanke wannan yana liƙa wancan har labari ya miƙe. Mai wannan aiki yakan kalli fitowa guda sau hamsin ko fiye kafin fim ya fita, saboda haka da wuya ado ya ruɗe shi. Abin da ba shi da tushe yakan gundure shi tun a kallo na biyar, abin da ke da tushe kuwa yakan ci gaba da taɓa shi har ranar da zai miƙa aikin.

Abin da shekarun aiki suka koya mini shi ne, fitowar soyayya kamar kwasar adashi take. Tun daga farkon fim mai kallo yake zubi ba tare da ya sani ba. Ya ga yadda saurayi ya haɗiye magana a gaban mahaifin yarinya, ya ga yadda yarinya ta ɓoye wani ɗan abu da aka ba ta, ya ga wahalar da ɗayansu ya sha wadda ɗayan bai ma san da ita ba. Duk wannan zubi ne, kuma ranar da labari ya kawo su wuri guda, mai kallo yana kwasar abin da ya tara ne da kansa. Fim ɗin da ya cika da kalamai tun daga minti na farko yana neman ya ba mutum kwasa alhali bai yi zubi ba, shi ya sa kike kallonsa da daddare ki wayi gari babu abin da ya rage.

Hannun da aka saki a tashar jirgi

Bari in fara da wanda kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya sani, tunda fina-finan Indiya sun daɗe a tare da mu, daga gidajen silima na Kano irin su Plaza da Marhaba da Orion, zuwa zamanin kaset, zuwa yau da ake kallon fassararsu a waya. Ina nufin ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Aditya Chopra ya bayar da umarni, Shah Rukh Khan da Kajol suka fito a matsayin Raj da Simran. Fim ne da gidan silimar Maratha Mandir da ke Mumbai ya yi ta nunawa har ya cika mako 1000 a shekarar 2014. Yawancin mutane idan aka ambaci wannan wuri, abin da ke zo musu a rai shi ne yarinya tana gudu da kayan amarci, saurayi ya miƙo hannu daga ƙofar jirgin ƙasa da ya riga ya fara tafiya. Ni kuwa abin da nake kallo ya zo kafin gudun, wato hannun mahaifinta, wanda Amrish Puri ya fito a matsayinsa, riƙe gam da wuyan hannun 'yarsa, yana duban yaron da aka yi wa jina-jina, sannan yatsunsa su saki a hankali.

Ki duba zubin da aka yi kafin nan. Haɗuwarsu ta farko a Landan ma a ƙofar jirgi aka yi ta, shi ne ya miƙa hannu ya jawo ta ciki lokacin da ba su san juna ba, saboda haka idon mai kallo ya riga ya san wannan hoto, yana ganinsa a karo na biyu da wata ma'ana dabam. Abu mafi nauyi kuma shi ne, a tsakiyar fim mahaifiyar yarinyar da kanta ta ba su shawarar su gudu, yaron ya ƙi, ya ce ba zai tafi da ita ba sai uban ya ba shi ita da hannunsa. Daga wannan lokaci fim ɗin ya ɗauki alkawari, kuma sakin hannun nan shi ne cikarsa. Ina ganin wannan ne ya sa wurin ya shiga zukatan mutanenmu sosai. Rikici tsakanin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye shi ne ƙashin bayan littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980, kuma Bahaushe ya san cewa auren da babu albarkar iyaye a cikinsa nasara ce mai ɗaci. A wannan tasha an ba masoya juna, an kuma ba su albarka a lokaci guda, abin da da yawa daga masu kallo suke fata a rayuwarsu.

Wanda na fi darajawa a tsofaffin fina-finai kuwa shi ne ƙarshen City Lights na Charlie Chaplin, na 1931, fim marar magana da aka yi bayan fina-finai masu magana sun riga sun shigo. Wani talaka futuk ya haɗu da makauniya mai sayar da furanni, ita kuma saboda ta ji ƙarar rufe ƙofar mota a daidai lokacin, ta ɗauka attajiri ne. Ya sha wahala har ya samo mata kuɗin aikin ido, aka zarge shi da sata, aka ɗaure shi. Da ya fito, cikin tsummoki, ya gan ta a shagonta na furanni, idanunta sun buɗe, tana jiran ranar da attajirin nan zai dawo. Ta tausaya wa wannan matalauci da ke kallonta, ta fito ta ba shi fure da sulalla, ta kama hannunsa domin ta damƙa masa, sai hannunta ya gane abin da idonta bai sani ba. An ruwaito cewa Chaplin ya maimaita ɗaukar haɗuwarsu ta farko sama da sau 300, kuma duk mai sana'a ya san dalili: idan mai kallo bai yarda da kuskuren da ta yi a farko ba, ganewar da za ta yi a ƙarshe ba za ta yi nauyin komai ba. Fim ɗin ya rufe a kan fuskarsa, da furen a kusa da bakinsa, yana murmushin da ya haɗa murna da tsoro, ba a gaya mana ko ta karɓe shi ba. Na kalli wannan wuri sau da yawa, kuma har yanzu idan na zo kansa nakan ji ƙirjina ya yi nauyi.

A gurguje zan ƙara da fim ɗin Indiya Mughal-e-Azam na 1960, inda Dilip Kumar ke shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, babu kalma ko ɗaya a tsakaninsu, sai muryar mawaƙi Bade Ghulam Ali Khan tana tasowa daga nesa. Tsakanin hannunsa da fuskarta akwai gashin nan, kuma wannan ɗan tazara shi ne ƙarfin wurin gaba ɗaya.

Batun taɓa juna

Wannan ya kawo ni ga tambayarki ta uku, kuma amsata ita ce a'a, hana taɓa juna bai isa ya zama uzuri ba. Hujjata mafi ƙarfi tana ƙasar Iran, inda tun bayan juyin juya halin 1979 ƙa'idojin fim suka hana namiji da mace da ba muharramai ba taɓa juna a gaban kyamara, kamar dai yadda abin yake a wurinmu bisa al'ada da addini, da kuma ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. A cikin wannan ƙunci ne darakta Majid Majidi ya yi fim ɗin Baran a 2001, kuma idan aka ce in zaɓi wuri guda tak a duk abin da na taɓa kallo, ƙarshen wannan fim zan zaɓa.

Labarin wani matashi ne mai suna Latif da ke dafa shayi da abinci wa leburori a wurin wani gini a Tehran. Wani ɗan gudun hijira daga Afganistan ya faɗo daga bene ya karye, sai aka kawo wani yaro a matsayin ɗansa domin ya maye gurbinsa. Yaron ba shi da ƙarfin ɗaukar siminti, saboda haka aka ba shi aikin shayi, aka tura Latif ɗaukar kaya. Latif ya tsani yaron, ya yi ta musguna masa, har ranar da iska ta ɗaga labule ya hango shi yana taje dogon gashi, ya gane cewa mace ce ta yi shigar maza domin ta ciyar da gidansu. Daga nan har ƙarshe bai taɓa gaya mata yana sonta ba, ita kuma kusan ba a ji muryarta a fim ɗin ba. Abin da ya yi shi ne ya karɓo duk albashin da ya tara domin a kai wa mahaifinta, da wannan bai isa inda aka nufa ba ya sayar da katin shaidarsa, wanda shi ne abu mafi daraja da ya mallaka, sannan kuɗin da ya bayar su ne suka zama guzurin komawarsu Afganistan, wato da hannunsa ya biya kuɗin rabuwarsu.

A safiyar tafiya, kwandon kayanta ya zube, suka durƙusa tare suna tsincewa, hannayensu na wucewa kusa da juna ba tare da sun haɗu ba. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, sannan ta sauke lulluɓinta ta rufe fuska. Tana tafiya zuwa mota takalminta ya maƙale a taɓo, ya ciro shi ya mayar mata. Mota ta tafi, ya tsaya yana kallon sawun takalmin a ƙasa, sai ruwan sama ya sauko ya fara cika sawun, kuma sunanta, Baran, ma'anarsa ruwan sama ne a harshen Farisa. Babu runguma, babu waƙa, babu jawabi, amma duk wanda ya bi fim ɗin daga farko ya san nauyin abin da wannan yaro ya bayar da abin da ya samu. Duk abin da aka yi a wannan wuri ana iya ɗaukarsa a wata unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba tare da an saɓa wa ƙa'ida ko ɗaya ba.

Akwai wani dalili na sana'a da ya sa shiru ke aiki haka. Tun wajajen shekarun 1920 wani mai fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa idan aka ɗauki fuskar mutum guda wadda ba ta nuna komai, aka jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da hoton mace, masu kallo za su ce sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga so, alhali fuskar ba ta canja ba. Mai kallo ne ke zuba ma'ana a cikin fuska gwargwadon abin da aka nuna masa kafinta da bayanta. Idan jarumi ya buɗe baki ya bayyana duk abin da ke zuciyarsa, an ƙwace wa mai kallo wannan aiki, an mayar da shi mai sauraron sanarwa. Idan kuwa aka bar masa gurbi, sai ya cika shi da tasa soyayyar, da wanda ya taɓa rasawa, da abin da bai samu damar faɗa ba, kuma mutum ba ya manta abin da ya sa hannunsa a ciki.

Inda namu ke tuntuɓe

A fina-finan Hausa, waƙa ce ta daɗe tana ɗauke da abin da kunya ta hana baki faɗa. Duk wanda ya yi wayo a wajajen shekarar 2000 yana tuna yadda Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya mamaye gari da labarin ɗan sarki da 'yar aikin gidan sarauta, kuma waƙarsa ce mutane suka fi riƙewa. Ban raina wannan hanya ba, domin bayyana so ta hanyar waƙa ba baƙo ba ne a wurinmu, tun a dandali 'yan mata ke yi. Damuwata ita ce, da yawa daga cikin masu rubuta labari sun saba da barin soyayya gaba ɗaya a hannun mawaƙi, ko kuma a zaunar da saurayi da budurwa a lambun otal suna musayar kalamai masu daɗi na minti biyar, kalaman da kowane saurayi zai iya gaya wa kowace budurwa a kowane fim. Maganar da za a iya ɗauke ta daga wannan labari a kai wancan ba tare da an ji ta ɓata ba, ba ta da gida, kuma zuciya ba ta ajiye ta.

Alhali kuwa al'adarmu cike take da kayan aiki da masu fim na wasu ƙasashe za su yi sha'awar samu. Akwai yaron da ake aikawa cikin gida a ce ana sallama da wance, da ɗan jinkirin da take yi kafin ta fito. Akwai tabarmar da aka shimfiɗa a zaure da tazarar da ke tsakanin masu zama a kanta, tazarar da kyamara za ta iya auna raguwarta daga zance zuwa zance. Akwai rakiya, da yawan takun da budurwa ke yi kafin ta juya. Akwai matar da ba ta kiran sunan mijinta, wadda za a iya gina fim guda a kan yadda take kauce wa sunan, da abin da zai faru a ranar da ya kuɓuce mata a bakin gadon asibiti. Kunya da kawaici su ne ke sa ƙaramin motsi ya yi girma, tunda mai kallo ya san abin da aka danne kafin a yi shi.

Na taɓa yin aikin wani fim da miji da mata suka yi saɓani har suka kwana uku ba sa magana. A farkon labarin an nuna cewa mijin ba ya jure yaji, matar kuma takan tsokane shi a kan haka. A fitowar sulhu, an rubuta wa mijin jawabin ban haƙuri mai tsawon shafi biyu, kuma jarumin ya yi shi da kyau. Amma a cikin abin da aka ɗauko akwai inda matar ta ajiye masa tuwo ba tare da ta dube shi ba, ta buɗe faifai, sai ga ɗan ƙaramin kwanon miya dabam wanda babu yaji a ciki. Na gwada cire jawabin gaba ɗaya, na bar hannunta da kwanon da fuskarsa na tsawon daƙiƙa shida, na kuma sauke kiɗan da aka ɗora a kai har ana jin ƙarar murfin kwano. Daraktan ya ji tsoron kada masu kallo su ɗauka an manta da magana ne, kuma tsoronsa yana da tushe, domin shi ya san kasuwa fiye da ni. Muka daidaita a kan barin jimla biyu daga jawabin. Bayan fim ɗin ya fita, matan da suka yi mini maganarsa kwanon miyar nan suka ambata, babu wadda ta tuna jimlolin.

Wannan misali ya kuma nuna wani gurbi da nake so marubutanmu su duba, wato soyayyar da ke zuwa bayan ɗaurin aure. Yawancin labaranmu suna ƙarewa ne a ranar kai amarya, kamar a nan so ke tsayawa. A fim ɗin zane na Up, na 2009, an nuna rayuwar auren wasu mutum biyu tun daga biki har tsufa da mutuwar matar a cikin kimanin minti huɗu ba tare da magana ba, ta hanyar maimaita ƙananan abubuwa, kamar yadda take gyara masa ɗaurin wuyan riga kowace safiya da asusun da suke tarawa suna fasawa saboda larura. Har manya sukan zubar da hawaye a wurin. Muna da dattawa a kowace unguwa da suka yi shekara arba'in tare, tsohuwa tana tanadar wa tsoho goron da ya fi so a bakin zane, kuma da wuya kyamararmu ta waiwaye su.

Ya kamata in bayyana iyakar wannan amsa. Zaɓin da na kawo na mai haɗa hoto ne, mutumin da sana'arsa ta karkatar da shi zuwa ga shiru da ƙananan motsi. Mawaƙi ko jarumi zai iya kawo miki wasu wurare dabam masu cike da murya da kiɗa, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba, domin akwai jawaban da aka yi musu zubi sosai har suka cancanci tsawonsu. Haka kuma wani ɓangare na abin da ke sa fitowa ta zauna a rai ba a cikin fim ɗin yake ba, yana cikin shekarun da mutum yake da su lokacin da ya kalla, da wanda ke zaune kusa da shi, da halin da zuciyarsa ke ciki a ranar, kuma babu mai haɗa hoton da ke da iko a kan wannan.

Idan kina so ki gwada abin da na faɗa da kanki, ki ɗauko ɗaya daga cikin wuraren nan da kika ce sun shekara goma a ranki, ki kashe sauti gaba ɗaya ki kalla, ki ga ko har yanzu kina gane wanda ke so da abin da yake tsoron rasawa. Daga nan ki koma farkon fim ɗin ki nemi inda aka fara nuna hannun, ko ƙofar, ko takalmin da ya dawo a ƙarshe. Haka nake yi wa kowace fitowa kafin in kira darakta ya zo ya gani.